Ruwan da Ya Koma Baya

Kwana uku 'yata Mujahida tana amai da gudawa. Asibiti sai da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, mu kuwa ba mu da ita. Na ɗaga murfin tankin ƙasa da muke sha, warin ruwan wanki ya buge ni.

Shekara ashirin ina gyaran famfo a unguwar Mansur, na san abin da ya faru. An bar tiyo cikin bahon wanki a saman bene, injin tura ruwa sama ya tsaya, tiyon ya zuƙe dattin ya sauko da shi tanki. Amma ai da hannuna na ɗaura raddad, ƙarfen da ke hana ruwa komawa baya.

Na duba bututun. Babu raddad ɗin.

Na yi kan matata. "Kabira, wane azzalumi kika bari ya taɓa mini bututu? Wallahi sai na ga bayansa."

Tana goge wa yarinyar baki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baban Mujahida, kai ka cire shi kafin Arfa, ka ɗaura wa wani otal a Jarwal don kada alhazai su sha datti. Ka ce gobe za ka sayo namu."