Kwarzanen da ke Ƙofar Direba

Siddiƙu yana tsakiyar ɗauraye motar ne ya ga kwarzanen: siriri, baƙi, ɗan lanƙwashe, a ƙofar direba. Ya goga tsumma, bai fita ba. Ya sake gogawa da sabulu, yana nan.

Kwana huɗu ke nan da kawo motar gidan Alhaji Attahiru a Ƙofar Rini, fara fat, ko ledar kujeru ba a gama cirewa ba. Shekara ashirin da shida Siddiƙu yana tuƙa Alhaji. Amma a watan da ya wuce sau biyu yana gogar ginshiƙin ƙofar gida da tsohuwar motar, kuma Saifullah, babban ɗan Alhaji, ya faɗa a gabansa cewa tsufa ya kama shi, a nemo wani. Alhaji dai ya miƙa masa makullin sabuwar ya ce ya kula.

Yau Alhaji ya tafi ta'aziyya a motar Saifullah, sai bayan la'asar za su dawo. Siddiƙu ya duba rana. Hantsi ya riga ya yi.

Ya ɗauki hoton ƙofar da wayarsa, ya tare ɗan kabu-kabu, ya ce a kai shi shagon Hashim mai kayan fentin mota.

Hashim ya duba hoton, ya juya wayar, ya ƙara girmansa, ya ce hasken rana ya cinye komai. Sai ya tambaye shi ko da ya bi wurin da farce ya ji farcen yana maƙalewa. Siddiƙu ya ce ko kaɗan, sumul yake.

"To bai shiga ba, Baba," in ji Hashim. "A sama yake. Inji zai ɗauke shi."

Ya fito da injinan goge fenti iri biyu. Na farko yana juyi yana karkarwa, ba ya zafafa wuri ɗaya, shi ya fi dacewa da wanda bai saba ba, sai dai yana da jinkiri. Na biyu juyinsa kai tsaye ne, yana cin fenti da sauri, masu sana'ar ne ke riƙe shi. Siddiƙu ya nuna na biyun. Hashim ya so ya hana shi, ya ga ba zai hanu ba, sai ya haɗa masa da soso mai laushi da faifan ulu da man goge fenti. Ya ja masa kunne: ya kai motar inuwa, ya fara da lamba ɗaya mafi ƙarancin gudu, kada ya danna, kada ya tsaya wuri guda.

Babu wuta a gida. Ya ja janareto har sau bakwai kafin ya tashi. Igiyar injin ba ta kai rumfa ba, don haka motar ta zauna a rana.

Ya ɗiga man sau huɗu a kan soso, ya shafa a ƙofar, ya yi bisimilla ya kunna. Injin ya fizge shi, ya riƙe da hannu biyu. Ya bi wurin a hankali, hagu zuwa dama, sama zuwa ƙasa, kamar yadda aka nuna masa. Ya kashe, ya share da tsumma. Ƙofar na ɗaukar ido. Kwarzanen yana nan.

Ya murza zuwa lamba uku. Da ya sake dubawa sai ya ga ashe ya fi tsawon da ya zata, ya kusa kaiwa marfin baya. Ya bi shi har can. Gumi na zuba masa a ido, yana sharewa da kafaɗa.

An kira azahar ya yi salla a gefen taya, bai san me ya karanta ba. Tunaninsa na kan ɗakuna biyun da yake zaune da iyalinsa a bayan gidan, waɗanda na direba ne, ba nasa ba. Wa zai ɗauki direba mai shekara sittin da ɗaya?

Ya cire soson ya sa faifan ulu. Lamba shida. Wannan karon ya danna da dukan ƙarfinsa, ya tsaya a kan wurin. Ƙarfen ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa. Wani ƙauri ya tashi. Da ya ɗaga injin, farin fentin ya tafi, an bar tabo mai launin toka kamar faɗin faranti. Ya matsa gefe inda fari ya rage, ya ga bakin kwarzanen ya leƙo, ya sake dannawa.

Bai ji buɗe ƙofar gida ba. Sai da janareto ya mutu ya waiga, ya ga Saifullah tsaye a kansa, Alhaji kuma yana tahowa a hankali yana kallon tabo uku da ke jikin motar.

"Siddiƙu, mi kaka yi ma wagga mota?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, kwarzane ne. Wallahi ban san inda na same shi ba. Na so in fidda shi kafin ku dawo."

Alhaji ya sunkuya, ya bi ƙofar da kallo tun daga madubi har marfin baya. Saifullah ma ya duba. Suka kalli juna.

"Ina shi ke?" Alhaji ya tambaya a hankali.

Siddiƙu ya ɗago kai don ya nuna masa, sai ya ga kwarzanen, siriri, baƙi, ɗan lanƙwashe, kwance a ƙirjin farar rigar Alhaji, yana bin idonsa duk inda ya juya shi.