Watannin Mushtari

Tana fitowa daga madafa ta tarar da 'yarta a bakin ƙofa, ta ɗaga wani baƙin hoto tana dubawa a hasken rana. Can cikin ɗaki mijinta na ta tari, tarin nan da ya biyo shi daga ramin uraniyom, wanda likitan kamfani ya yi shekaru yana cewa sanyi ne kawai.

Nan take zuciya ta ɗebe ta. Tun ranar da mushen lakwal, wato malamin makarantarsu, ya nuna wa yarinyar nan wata duniya wai ita Mushtari, mai watanni barkatai suna kewaya ta, gidan bai sake hutawa ba. Bango duk ya cika da baƙaƙen hotuna masu fararen ɗigo.

Ta fizge hoton.

"Watanni! Watanni! Guda ɗayan da Allah Ya ba mu bai ishe ki ba? Ubanki na tofar da jini, jiya kika dawo da shi daga asibitin Agadas, amma ke sama ce ta dame ki? Ga babba, ga ƙanana sun zagaye shi, to sai me? Su za su ba shi numfashi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Inna, ba sama ba ce. A Agadas suka ba mu. A nan Arlit likitocin kamfani ba su taɓa bari mun gani ba."

Uwar ta ɗaga hoton saitin rana. Sai a lokacin ta ga haƙarƙarin mijinta, jere a bayan watannin.