Sanyin Siminti

Ƙasimu, mai gyaran firji a unguwar Minanata, ba shi da shago. A ɗakin kwanansu yake ajiye tukwanen gas ɗin firji. Matarsa Rabi ke kwana a gado, 'yarsu Ihsan a siminti.

Ranar da zazzaɓi ya kama Rabi, Ihsan ta ce, "Inna, sauko ƙasa, ya hi sanyi. Ni in hau gado."

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata."

Suka rufe taga saboda hucin rana, suka kwanta.

Rabi ba ta farka ba. Likita ya ce tukunya ce ta yi yoyo. Gas ɗin ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa.

Ihsan ta gane a wurin kwananta na siminti Inna ta rasu, kuma ita ta ba ta wurin.