Ihun Mai Jego

Ruwa na tafarfasa a tukunya, Fanta na dafe da mararta. Ko sati ba a yi ba da aka yi mata aiki aka ciro jariri, likita kuwa ya ce kada ruwan zafi ya taɓa ɗinkin.

Amma wa zai gaya wa matan garin Zakirai haka? Sun cika tsakar gida, kowa da bakinta.

"Jego ba wanka? Sanyi ya shige ta, ta kumbura!" in ji Hure maƙwabciya, wadda ba wanda ya tambaye ta.

Gwaggo Kaltume ta finciki Fanta zuwa makewayi, ta ja ƙyaure.

"Gwaggo, don Allah, ɗinkin zai farke."

"Rufe min baki!"

Gwaggo ta tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafin, ta ɗaga, ta shauɗa wa katanga.

"Yi ihu, shashasha, suna saurare."

Fanta ta kurma ihu. A waje mata suka yi ta sa albarka.

"Gwaggo, haka aka yi wa Innata da aka ciro ni?"

Gwaggo ta sake zabga wa katanga.

"Ita na gaske aka yi mata. Shi ya sa ba ki san ta ba."