Marmara da Katangar Tsakani

Tanimu, ka kawo mini ƙarar ƙanenka Sallau, wai gwamnati ta yi muku ƙarin albashi amma bai zo ya taya ka murna ba, har kana cewa hassada ce, ka daina taka gidansa. Ni kawunka na taya ka, domin na san shekarun da ka yi a ma'aikata kana kai ƙarshen wata da ƙyar. Amma shi a makarantar kuɗi yake koyarwa, mai makarantar bai ƙara masa ko sisi ba. Ranar da rediyo ya faɗi ƙarinku kuwa, kafin azahar mai awo ya tsawwala wa mudun masara kuɗi, kuma bai tambayi kowa inda yake aiki ba. Gyara zama in ba ka misali.

An yi wani lungu mai gangare, gidajen ƙasa ne jere da juna. Duk damina ruwa yakan biyo lungun ya shiga gidan kowa, wani iya idon sawu, wani ya ɗan fi. Wata shekara aka samo marmara a bisa jakuna don a cike ƙofofin gidaje. Masu rabon, Allah ya shirye su, suka fara da nasu gidajen na saman lungu, kowa ya zuba mangala goma har dakalinsa ya kai gwiwa. Da aka gangaro kusa da ƙarshe abin ya ja baya, wani manomi ya samu mangala biyu. Kafin a kai ƙarshen lungu jakuna sun koma gida, aka ce wa mai ginin tukwane da ke can, wata dattijuwa, ta yi haƙuri sai baɗi. Manomin nan ba mugu ba ne. Shekara da shekaru yana kwalfe ruwa daga zaurensa da ƙwarya, mangala biyun nan ma ba su ishe shi ba, tunda ruwan manyan gidaje yanzu duk kansa yake zubowa. Ya zuba rabonsa, ya daddaɓe, ya ga zaure ya bushe, ya yi hamdala. Abin da bai lura ba shi ne, marmara ba ta shan ruwa, kora shi kawai take yi. Ruwan da a da ake raba shi gida bakwai sai ya haɗu ya kwanta a tsakar gidan dattijuwar. Ɗanyun tukwanen da ta jera suna jiran gashi suka narke suka koma yumɓu, aikin wata guda. Na rantse maka, duk wanda ya taɓa ganin mai sana'a tsugune tana kwasar guminta da hannu daga cikin taɓo, sai ya ji tausayi ya kama shi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na manomin, rumbunsa kuma a jikin katangar yake. Sau ɗaya ta leƙo ta ce masa, "Maƙwabci, ruwan nan fa yana kwana a gindin katangarmu." Ya ce mata, "Iya, ai ba ni na yi ruwan sama ba, rabona kawai aka ba ni." Gaskiya ya faɗa, ita ma ta san gaskiya ce, sai ta koma kwalfe ruwanta. Da ya ga ta rage gaishe shi da fara'a, sai ya ce a ransa baƙin ciki take yi da busasshen zaurensa. Kullum in ya duba katangar ta ɓangarensa sai ya gan ta tsaf, yaɓe bai ko tsage ba. Bai taɓa zagayawa ya ga ɗaya fuskar ba, inda danshi ya riga ya cinye gindin. Da marka ta sauka aka yi kwana uku ana yayyafi, ran na huɗu da hantsi katangar ta kwanta, kuma ba gidan dattijuwar ta faɗa ba, a kan rumbun ta zube. Geron shekara ya dagule da ƙasa. Masu rabo suka gangaro jaje suna tattare riguna kada taɓo ya taɓa su, suka ce ikon Allah, suka koma. Wadda ta tsaya tana taya shi tsince zangarniya daga cikin laka har la'asar ita ce dattijuwar. Washegari su biyu suka ɗauki fartanya suka haƙa kwata daga ƙofarsa zuwa bayan gari, aikin da da an yi shi tun farko da ba a rasa tukunya ko dami ba.

To, ɗana, ci ƙarinka, halalinka ne, ba kai ka yi rabon ba, kuma na san in aka kwatanta da abin da ministoci suka zuba wa kansu, naka mangala biyu ce. Amma Sallau ba hassada yake yi ba, ruwa yake kwalfewa. 'Ya'yanka uku a ajinsa da na abokan aikinsa suke. Ranar da yunwa ta kore su daga koyarwa, ko mai makarantar ya ninka kuɗi don ya riƙe su, katangar a kan rumbunka za ta zube. Tashi ka zagaya ka ga ɗaya fuskar, ka tafi masa da abin da ya sawwaƙa, kada ka jira ya zo. Ba banza Hausawa suka ce, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.