Takardar Rabuwa da Farfesa

Shafi shida ta tarar a bakin firinta, da ɗuminsu. Anti ta ɗauka za ta jefa kwandon shara, sai idonta ya faɗa kan hoton da ke sama: Farfesa ne, ya shaƙe wuya da taye, ya ɗaure fuska kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Takardar tarihin aikinsa ce, wadda ake kira sibi. Ashe wani wurin yake nema.

Rabon da ta ji sanyi a ranta irin haka har ta manta.

Ofis ɗaya suke a reshen wani kamfanin rarraba magunguna, tebur na kallon tebur. Ita ke riƙe da sito, shi ke tsara fitar motoci. Ba farfesan komai ba ne, direbobi ne suka laƙaba masa, don ba a gama magana bai gyara ta ba. Lokacin da mahaifiyar Anti ke kwance a asibiti, shi ya miƙe a taro ya ce wasu sun mai da wurin aiki gidan ubansu, sai rana ta take suke shigowa. A makon tsohuwar ta rasu. Ko "ya haƙuri" bai ce mata ba.

Ta dangwarar masa da takardun a gabansa.

"Da wannan shirmen kake neman aiki? Ko gadi ba za a ba ka ba."

"Madam, wa ya sa ki karanta min takarda?"

"Ba ƙaunarka nake ba. So nake in daina ganin fuskarka. Ba ni tallar aikin da kake nema."

Ya yi tsaki, amma ya miƙo. Ya san kafin ta zo sito ta daɗe a ofishin ɗaukar ma'aikata. Tallar ta wasu dillalan aiki ce, suna nema wa wani kamfani shugaba. Kamar yadda suka saba, ba su faɗi sunan wurin ba.

Ta zare jan biro ta hau yanka. Makarantar firamare ta tafi. Kofin muhawara da ya ci yana yaro ya bi ta. Wai yana sha'awar karatu da tafiye-tafiye, ta ce ya gaya wa matarsa, ita ce abin ya dama. Mai tantancewa, in ji ta, ba ya karanta takarda, leƙa ta yake da shayi a hannu, in layukan farko ba su cafke shi ba ya wuce. Ta tsinto kalmomin tallar ɗaya bayan ɗaya ta dasa su a saman shafi. Duk inda ya rubuta abin da aka ɗora masa, ta ce ba wannan ake saye ba, abin da ya gyaru a hannunsa ake son ji.

A nan gizo ya yi saƙa. Da ta gama share surutun, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

Ta kwana biyu tana juya maganar. Ta so ta shaida wa Manaja cewa mutuminsa na shirin tsallakewa, amma kwanakin nan ba ya ganuwa. Ƙofarsa kullum a rufe, yana waya da hedikwata, masinja kuma na ta fitar da littattafansa a kwali, wai fenti za a yi. Ta ce gara ma haka, kada ya lallashe shi ya zauna.

Sai ta buɗe nata rumbun. Ranar da ɗakin sanyi ya lalace, ita ta tare motocin kifi masu sanyi a titi ta kwashe alluran rigakafi, ko kwalba ɗaya ba ta ɓaci ba. Ta rubuta masa a takardar kamar shi ya yi. Ita ta ƙirƙiro tsarin fitar da magani kafin wa'adinsa ya ƙare. Shi ma ta rubuta masa.

Ya karanta, ya ɗaga gira. "Ai ke kika yi waɗannan."

"Yau ka fara cin guminmu? Haddace su, kada ka je ka ba ni kunya."

Ta sa shi ya maimaita labarin ɗakin sanyin har ya iya inda ake sauke murya. Da dillalan suka bugo mata don jin shaidar abokiyar aiki, ta ce ba ta taɓa ganin mutum mai tausayin na ƙasa da shi kamarsa ba. Tana ajiye wayar ta je ta kuskure baki.

An kira shi ganawa, aka sake kiransa. Ran Juma'a ya zuba tarkacensa a jaka, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Na samu."

"Allah ya raka taki gona," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Bai yi godiya ba. Murmushi kawai ya yi, irin wanda ba ta taɓa gani a fuskarsa ba.

Ran Litinin ta shigo da sabon mayafi, ta sa aka jingine teburinsa da bango, ta baje fayilolinta a kai. Har waƙa take ƙasa-ƙasa lokacin da sakatariya ta leƙo ta ce kowa ya hallara a zaure.

Manaja ya tsaya a gabansu, ya rame. Ya ce likita ya hana shi aiki, yau zai miƙa ragama. Hedikwata ta ba dillalai neman magajinsa a asirce, kuma cikin ɗaruruwan takardu guda ɗaya ce ta tsaya wa manya a rai, ta wani gwarzo da ya ceci alluran rigakafi da motocin kifi. Ya juya ya buɗe ƙofar ofishinsa, Farfesa ya fito yana gyara taye.