Abin Kunnen da Baba Ya Ƙi

Muna gonarmu ta Paki da la'asar, Baba na gadin masara saboda birai, sai ga Kawu Sale soja da tsaraba. Kamar ƙoƙuna biyu ne masu batir, ana kifawa a kunne. Lokacin ƙarar bindigar tokar da yake korar birai da ita ta riga ta cinye wa Baba kunnen dama.

"Yaya, ƙaramin motsi yake ƙara maka," in ji Kawu. "Da bindiga ta tashi, sai ya danne ƙarar."

Baba ya jujjuya shi, ya sansana. "Wa ke gaya masa zan harba?"

"Ba kowa. Ƙarar yake ji, ya riga kunnenka."

Baba bai yarda ba, ni ya kifa wa. Na ji motsin ganyen masara, har numfashin Kawu. Baba ya harba bindigar sama. Na ga hayaƙi, na shaƙi albarushi, amma ƙarar kamar an rufe ƙofa a maƙwabta. Na gaya masa haka.

Ya cire, ya mayar wa Kawu. "Abin da ke zaɓar mini abin ji, wata rana takun ɓarawo zai ɓoye mini."

Yau kunnen hagun ma ya tafi; in jikokinsa na gaishe shi, bakinsu yake kallo. Ni har yanzu haushinsa nake ji.